Littafin aiki: koya wa kwamfuta gane fayil ɗin da ya rasa suna

6 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafin don in riƙa ajiye abin da aka yi da abin da ya rage a aikin da maigidanmu ya ɗora mini. Matsalar ta daɗe tana damun shagonmu. Mutum zai kawo memori ko filashi da ya daina buɗewa, a sa masa chkdsk (umarnin duba faifai da gyara shi), Windows ya gyara abin da zai iya, sai a tarar da folda mai suna FOUND.000 cike da FILE0000.CHK, FILE0001.CHK, har ɗaruruwa. Hotunan biki suna ciki, takardun makaranta suna ciki, karatu da wa'azi suna ciki, amma duk wutsiyarsu ɗaya, kuma babu wanda ke buɗewa. Abin da yaran shago ke yi har yau shi ne su zauna suna canza wutsiyar ɗaya bayan ɗaya: a sa .jpg a gani, in bai buɗe ba a sa .mp4, in bai buɗe ba a sa .pdf. Yini guda na iya tafiya a kan memori ɗaya, kuma a hanya yaro ya ga hotunan iyalin mutane waɗanda bai kamata ya gani ba. Wannan na biyun ya fi damuna.

Abin da nake son ginawa ƙaramar manhaja ce da Python wadda za ta duba kowane fayil ta faɗi ko mene ne, ta ware su folda-folda. Sharuɗɗa biyu na gindaya wa kaina tun yanzu. Ba za ta taɓa ainihin fayil ɗin ba, kwafi za ta riƙa yi. Kuma ba za ta tura komai intanet ba, domin kayan mutane amana ne a hannunmu.

Windows dai da wutsiya yake aiki, wato haruffan da ke bayan ɗigon ƙarshe na suna. Gadon zamanin DOS ne, lokacin da suna ba ya wuce harafi 8 da wutsiya mai harafi 3. In ka danna fayil, Windows ba ya leƙa cikinsa, wutsiyar yake nema a rajistarsa ya ga wace manhaja aka ɗaura mata. Shi ya sa da wutsiyar ta ɓace komai ya tsaya, alhali bayanan suna nan lafiya lau.

9 ga Janairu

Na fara da jadawalin hatimai. Yawancin nau'o'in fayil suna farawa da wasu bayit (ƙananan ma'aunan bayanai, ana rubuta kowanne da alama biyu kamar FF) da ba sa canzawa, su ne hatiminsu. JPEG yana farawa da FF D8 FF. GIF yana rubuta sunansa a fili, GIF87a ko GIF89a. PDF yana farawa da %PDF- sai lambar siga. Manhajojin Windows suna farawa da MZ, haruffan farko na sunan Mark Zbikowski, injiniyan Microsoft da ya yi aiki a kan tsarin tun zamanin DOS. ZIP kuma da PK, daga sunan Phil Katz wanda ya ƙirƙiro shi a 1989.

Na daɗe ina kallon na PNG, don ya burge ni ƙwarai. Bayit takwas ne: 89 50 4E 47 0D 0A 1A 0A, kuma kowanne da aikinsa. Na farkon ba harafin rubutu ba ne, an sa shi ne don kada wata manhaja ta ɗauki hoton a matsayin rubutu, kuma don a gane idan hanyar turawa ta yanke wani ɓangare na bayit. Uku na biye su ne P, N, G. Sai alamar ƙarshen layi irin ta DOS, sai alamar da ke tsayar da DOS idan wani ya ce a zubo fayil ɗin a allo, sai alamar ƙarshen layi irin ta Unix. Idan a hanya wata manhaja ta yi karambanin “gyara” ƙarshen layuka, hatimin zai lalace, nan take a san hoton ya taɓu. Mutanen da suka tsara wannan a tsakiyar shekarun 1990 sun zauna sun yi tunanin duk hanyar da fayil zai iya lalacewa kafin ya isa hannun mai shi. Da kowa ya yi irin wannan aikin da nawa ya ƙare a mako guda.

Ba ni na fara wannan dabara ba, ko kusa. Umarnin file, mai faɗin nau'in fayil, yana cikin Unix tun 1973, kuma sigar da ke cikin Linux a yau Ian Darwin ne ya rubuta ta a ƙarshen shekarun 1980, Christos Zoulas ke kula da ita. Ina iya jingina da ita kawai in huta. Dalilin da ya sa nake rubuta tawa shi ne kwamfutocin shagon duk Windows ne, kuma amsar da nake buƙata ba dogon bayani ba ne, wutsiya ce da folda. Amma zan riƙe file a gefe a matsayin ma'auni.

11 ga Janairu

Gwajin farko a kan tsohon memorina na waya. Hotunan JPEG da PNG duk sun fito, PDF ma haka. Sauti da bidiyo kusan duk sun faɗa foldar “ba a sani ba”. Da su zan ci gaba.

18 ga Janairu

Makon nan duk a kan sauti da bidiyo ya tafi, kuma a nan na fahimci cewa duba bayit na farko kaɗai ba ya isa.

Akwai fayilolin da ke farawa da RIFF. Wannan ba ya gaya maka komai sai cewa mazubi ne. Sai ka tsallaka zuwa bayit na 8 (ƙirgen daga sifili yake farawa) ka ga me aka rubuta: WAVE sauti ne, AVI bidiyo ne, WEBP hoto ne, wanda yawancin sitikokin WhatsApp shi ne. Akwai na huɗu da na ci karo da shi a cikin kwafin wani tsohon faifan biki: CDXA. Waɗannan su ne fayilolin AVSEQ01.DAT na faifan VCD, irin wanda aka riƙa sayar da finafinai da bidiyon bukukuwa a kansa shekaru da dama. Mutane da yawa sun kwafe su zuwa filashi kafin faifan ya karce, don haka na ba su gurbi na musamman. VLC yana buɗe su ba matsala.

Dangin MP4 ba su da hatimi a farko sam. Bayit huɗu na farko tsawon akwatin bayani ne, suna canzawa. Sai a bayit na 4 za ka ga ftyp, bayansa kuma alama mai harafi huɗu: isom ko mp42 na bidiyon MP4, 3gp4 da ire-irensa na ƙananan wayoyi, M4A na sauti, qt na QuickTime. Har hoto yana cikin dangin nan, domin tun iOS 11 a 2017 iPhone yake ajiye hotunansa da tsarin HEIC, kuma shi ma da ftyp yake farawa, sai heic. Manhajata ta fara tura waɗannan hotuna foldar bidiyo kafin in ƙara mata dokar karanta alamar. Ina ganin wannan ne ya sa yaran shago suka sha cewa “bidiyon ya lalace”, alhali hoto ne aka tilasta wa wutsiyar .mp4.

Saƙonnin murya na WhatsApp suna farawa da OggS, kuma a bayit na 28 akwai OpusHead. In aka ga vorbis a wurin to wani nau'in ne daban, ko da yake mazubin ɗaya ne. Rikodin tsofaffin wayoyi na AMR yana farawa da #!AMR, wanda ya zo daidai da yadda ƙananan shirye-shiryen Linux ke farawa da #!, don haka dole a duba AMR kafin a duba waccan dokar. A nan na gane jerin da ake bi wajen duba hatimai shi ma doka ne: dogon hatimi kafin gajere, na musamman kafin na gama-gari.

MP3 ne ya fi ba ni wahala. Idan yana da bayanan mawaƙi ko mai karatu a gaba, yana farawa da ID3, shi ke nan. Idan babu, sai dai alamar farkon gaɓar sauti, wato bit 11 a jere duk lamba 1 (bit takwas ke yin bayit guda), kuma irin wannan na iya faɗowa a kowane tarkacen bayanai bisa haɗari. Abin da na yi shi ne in karanta kan gaɓar farko, in lissafa tsawonta daga abin da ta faɗa, in tsallaka in ga ko akwai wata gaɓar a daidai wurin da ya kamata. In aka samu da dama a jere, na yarda MP3 ne.

25 ga Janairu

ZIP. Na san zai zo, ban san zai kai haka ba.

Takardar Word ta zamani ZIP ce. Ta Excel ZIP ce, ta PowerPoint ma haka, tun Office 2007. Manhajar Android mai wutsiyar .apk ZIP ce. Littafin EPUB ZIP ne, takardun LibreOffice ma ZIP ne. Duka da 50 4B 03 04 suke farawa. Wanda ya tsaya a hatimi zai ce wa ɗalibi kundin digirinsa “matsattsen fayil” ne, ya danna ya ga tarin ƙananan fayiloli da bai san kansu ba, ya tafi gida yana zaton aikinsa ya salwanta.

Dole a buɗe mazubin a karanta sunayen abin da ke ciki. Takardun Office suna da [Content_Types].xml, sannan folda word/ ko xl/ ko ppt/ ita ke raba gardama. APK yana da AndroidManifest.xml. Masu tsara EPUB da takardun LibreOffice kuwa sun kyauta wa irinmu: sun wajabta cewa abu na farko a cikin mazubin ya zama ɗan fayil mai suna mimetype, kuma kada a matse shi. Saboda haka a bayit na 30 za ka ga kalmar mimetype, a na 38 kuma nau'in fayil ɗin a rubuce ƙarara, ba sai ka warware komai ba. Office bai ɗaure kansa da irin wannan jeri ba, kowace manhaja da ke rubuta .docx tana iya jera kayan ciki yadda ta ga dama.

Wani abin lura shi ne ainihin jerin sunayen da ke cikin ZIP a ƙarshen fayil yake, ba a farko ba. Manhajar da ke buɗewa daga baya take farawa, ta nemo alamar ƙarshe, daga nan ta san inda jerin yake. Ga fayilolin CHK wannan na da muhimmanci ta hanya biyu. Na ɗaya, chkdsk yana dawo da fayil ne da cikon tarkace a bayansa har ya cika gurbin ajiya, don haka alamar ƙarshen ba ta kan bayit na ƙarshe, sai an laluba baya. Na biyu, idan wutsiyar bayanan ce ta yanke, jerin ya tafi gaba ɗaya. A irin wannan hali na sa manhajar ta bi ƙananan kawunan da ke gaban kowane abu daga farko, ta tattara sunayen da ta samu. Da haka ta gane wata takardar Word da Word ɗin kansa ya ƙi buɗewa, muka ciro rubutun daga word/document.xml da hannu. Tsarin shafi ya tafi, amma kalmomin sun dawo.

27 ga Janairu

Tsofaffin takardun Office, .doc da .xls da .ppt, su ma hatimi ɗaya suke rabawa: D0 CF 11 E0 A1 B1 1A E1. A ciki ake neman WordDocument ko Workbook ko PowerPoint Document. Fayilolin girka manhaja na .msi da Thumbs.db duk wannan mazubin ne. Takardar .docx da aka kulle da kalmar sirri ita ma ba ZIP ba ce, wannan tsohon mazubin ne da EncryptedPackage a ciki. Irin wannan na sa a rubuta mata “takardar Office a kulle”, mai ita ya san mabuɗinsa.

4 ga Fabrairu

Rubutu zalla ba shi da hatimi ko kaɗan. Ana gane shi ne ta hanyar rashin abin da bai kamata a gani a rubutu ba. Git, manhajar da masu rubuta shiri ke adana aikinsu da ita, misali, yana duba bayit 8000 na farko, in ya ga bayit sifili ya ce wannan ba rubutu ba ne. Na ɗauki wannan dabarar na ƙara mata ƙirga alamomin sarrafawa.

Amma cewa “rubutu ne” rabin amsa ce, saura a san da wane tsari aka rubuta shi, kuma a nan Hausa ta shigo aikin kai tsaye. A tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, C6 99. Harafin ɗ shi ne C9 97, ɓ kuma C9 93. Idan manhaja ta ɗauka fayil ɗin da tsohon tsarin Windows-1252 aka rubuta shi, sai ta karanta kowane bayit shi kaɗai: ƙ ya koma Æ™, ɗ ya koma É da dogon layi. Duk wanda ya taɓa karɓar takardar Hausa ya ga “Æ™asa” a maimakon “ƙasa” ya san ciwon. Rubutun bai lalace ba, karatun ne ya karkace. Abin sauƙin shi ne UTF-8 yana da ƙa'ida mai tsauri game da wane bayit ke bin wane, don haka da wuya rubutun wani tsarin ya cika ƙa'idar bisa haɗari. Dokata yanzu: a fara gwada UTF-8, in ya wuce ba kuskure a yarda da shi. In bai wuce ba sai a koma tsofaffin tsaruka, ciki har da Windows-1256 na haruffan Larabci, domin malamai na kawo mana tsofaffin rubuce-rubuce da shi.

Sai UTF-16, wanda tsohon Notepad ke samarwa idan ka zaɓi Unicode wajen ajiyewa. Mutane da yawa sun zaɓi wannan ne daidai saboda haruffa masu lanƙwasa, don in ba haka ba Notepad zai ce za su ɓace. A wannan tsarin kowane harafin boko na yau da kullum yana tafe da bayit sifili, wato dokar Git za ta ce ba rubutu ba ne. Abin da ke ceton sa shi ne alamar FF FE a farko. To amma FF FE ta cika sharaɗin bit 11 na farkon gaɓar sautin MPEG. Da ban sa dokar neman gaɓa ta biyu da ta uku ba, da wasiƙun Hausa sun tafi foldar waƙoƙi. Na gwada da gangan da fayilolin da na rubuta da kaina, dokar ta riƙe.

Bayan an tabbatar rubutu ne, gane ko CSV (jadawali a rubutu zalla) ne ko HTML ko lambobin waya na vCard hasashe ne mai ƙarfi ko mai rauni. vCard yana farawa da BEGIN:VCARD, shi mai sauƙi ne, kuma shi ne abin da ’yan kasuwa suka fi roƙo a nemo musu. CSV ba shi da komai sai waƙafi da ke maimaituwa daidai a kowane layi. Ba zan zurfafa a nan ba.

10 ga Fabrairu

Zuwa yanzu ina aiki ne da fayilolin da ba su da suna. Maigida ya ce a faɗaɗa: filashin da bai lalace ba ma a riƙa duba shi kafin a buɗe komai a kwamfutar buga takardu. Wannan ya kawo tambayar da ta fi kowace nauyi a aikin: idan suna ya ce abu kaza, ciki ya ce wani abu, wa za a bi?

Na karanta yadda wasu suka warware. Ƙa'idar shared-mime-info da teburan Linux irin su GNOME da KDE ke bi tana fara duba suna, domin ya fi sauri, ba sai an karanta faifai ba. In sunan ya dace da nau'i ɗaya tak, shi ke nan. In bai dace da komai ba, ko ya dace da fiye da ɗaya, sai a leƙa ciki. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne .ts, wanda zai iya zama bidiyo ko rubutun shiri na TypeScript. Bidiyon ana gane shi da bayit mai lamba 47 da ke dawowa bayan kowane bayit 188. Tsohon Macintosh wata hanya ya bi daban: yana ajiye lambar nau'i da lambar manhajar da ta ƙirƙiri fayil, kowace harafi huɗu, a gefe, ba a cikin suna ba. A intanet kuwa saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi, ita ce ke faɗa wa birauza nau'in abin da ta turo, da sunaye irin su image/png da text/html, tsarin MIME da Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fitar a 1992 don saƙon imel. Da yake sabobi da yawa suna faɗin ba daidai ba, birauzoji suka koyi leƙa ciki da kansu, wannan kuma ya buɗe ƙofar ɓarna, don mugu zai ɗora “hoto” mai ɗauke da HTML birauza ta aiwatar da shi. Sai da aka ƙirƙiro umarnin nosniff a zamanin Internet Explorer 8 don saba ta iya cewa kada a yi hasashe.

Abin da na ɗauka daga duk wannan shi ne babu ɓangaren da ke da gaskiya kullum. Suna da'awa ce ta wanda ya raɗa shi, kamar buhun da aka rubuta shinkafa a jikinsa, mai yiwuwa shinkafar ce, mai yiwuwa an juye an zuba masara. Ciki ya fi zama hujja, amma sau da yawa hujjar ba ta cika ba. In ciki ya ce ZIP ne kawai, suna ya ce .docx, ba saɓani ba ne, sunan ya fi bayani. In ciki ya ce rubutu ne, suna ya ce .csv ko .srt, sunan za a bi. Saboda haka na gina ɗan jadawalin dangantaka, wane nau'i ne ɗan wane, kuma manhajar ba ta ƙorafi sai in suna da ciki ba dangi ba ne.

Saɓanin ma iri biyu ne. Hoton WEBP da aka sauke daga intanet aka sa masa .jpg ba laifi ba ne, a gyara wutsiyar a kwafin a wuce. Amma fayil mai suna kamar takarda ko hoto wanda cikinsa ke farawa da MZ, wannan ja ne, ba a buɗe shi. Dabarar tsohuwa ce. Cutar ILOVEYOU da ta bazu a duniya a watan Mayun 2000 ta zo ne da suna mai ƙarewa da .TXT.vbs, kuma da yake Windows yana ɓoye wutsiyar da ya sani, mutane suka ga .TXT kawai suka danna. Har yau Windows yana zuwa da wannan ɓoyewar a kunne, abin da ban taɓa ganin hikimarsa ba. Na kashe ta a duk kwamfutocin shagon. Akwai kuma alamar Unicode U+202E, wadda aka tanada don rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu. In aka cusa ta a tsakiyar suna sai ƙarshensa ya bayyana a juye, exe ya ɓuya a tsakiya, ido ya ga kamar .jpg ne a ƙarshe. A nan sai da na yi hattara, domin sunayen fayil da haruffan Larabci ko ajami halal ne kuma muna ganinsu kullum. Manhajar ba ta zargin haruffan, wannan alamar guda ɗaya kawai take nema.

Sai cutar da kowane mai shagon kwamfuta ya sani, wadda ke ɓoye foldodin filashi ta maye gurbinsu da gajerun hanyoyi masu kama da su. Fayil ɗin .lnk yana farawa da 4C 00 00 00 01 14 02 00, kuma Windows ba ya nuna wutsiyarsa ko ka ce a nuna duka. Yanzu in manhajar ta ga .lnk a filashi mai suna ɗaya da wata ɓoyayyiyar folda, tana yin gargaɗi.

15 ga Fabrairu

Na ƙara duba ƙarshen fayil don a san ko ya cika. JPEG yana rufewa da FF D9, PNG da IEND, PDF da %%EOF. Na JPEG na buƙatar kula, don ƙaramin hoton da kyamara ke cusawa a cikin bayanan Exif (bayanan da take liƙa wa hoto) shi ma yana da nasa FF D9, ba shi ne ƙarshen ba. Yanzu rahoton yana da matakai uku: cikakke, yankakke, ba tabbas.

22 ga Fabrairu

Na kwatanta sakamakona da na file a kan tarin fayilolin gwaji da na haɗa daga kayana. A hotuna, sauti, bidiyo da takardu mun yi daidai kusan ko'ina. Ya fi ni nesa ba kusa ba a nau'o'in da ba ma gani a shago. Daga gare shi na ɗauko cewa hatimin tar, ustar, yana bayit na 257, na hoton faifan ISO kuma, CD001, yana can bayit na 32769. Dole na ƙara yawan abin da nake karantawa daga farkon fayil idan dokokin farko ba su kama komai ba.

Na kuma gwada Magika, wadda Google ya saki ga kowa a Fabrairun 2024. Ita ba jadawalin hatimai take bi ba, ƙaramin samfurin ƙirƙirarriyar basira ne da aka horar da fayiloli masu yawa, kuma a kan kwamfutarka take aiki ba sai da intanet ba. Inda ta fi amfani shi ne rarrabe nau'o'in rubutu, daidai inda hatimi ba ya taimako. Zan iya sa ta a matsayin mataki na ƙarshe, amma a rahoto dole a bambanta abin da hatimi ya tabbatar da abin da aka hasasa.

Foldar “ba a sani ba” har yanzu ba ta zama fanko ba, kuma ba na son in tilasta mata. Wasu na ciki tsakiyar fayil ne da kansa ya ɓace, guntun bidiyo ba farko. Wasu sifili ne zalla. Wasu kuma a kulle suke da gangan, kamar ajiyar hirarrakin WhatsApp mai wutsiyar .crypt14, wadda cikinta ke kama da tarkace ga duk wanda ba shi da mabuɗi. Wata dattijuwa da ta kawo memorin marigayi mijinta ta tambaye ni ko waɗannan ɗin ma hotuna ne. Na ce, “Hajiya, waɗannan ban gane su ba tukuna, amma ban goge ko ɗaya ba, suna nan yadda suke.” Ta ce, “To ɗana, a bar su, Allah Ya yi albarka.” Da na sa musu .jpg don foldar ta yi kyau, da ta je gida tana dannawa suna ƙin buɗewa, ta ɗauka hotunan ne suka mutu. Na kwafe mata su a folda daban da ɗan bayani a rubuce, ko wani mai kayan aiki da suka fi namu zai iya cin gaba daga nan.

1 ga Maris

Na girka manhajar a kwamfutar gaba, na nuna wa yara biyu yadda ake amfani da ita. Suna zaɓar filashi, su zaɓi inda za a zuba kwafi, su jira rahoto. Ba sa buɗe hoton kowa. Maigida ya nemi rahoton ya fito da Hausa don a riƙa buga wa mai kaya, na yi hakan, kuma na ajiye shi da UTF-8 tare da alamar EF BB BF a farko saboda tsofaffin Notepad su karanta ƙ da ɗ daidai.

Abin da ya rage: ciro ranar ɗaukar hoto daga Exif don sabon suna ya zama kwanan wata maimakon FILE0042, gane fayilolin da suka maimaitu, da haɗa aikin da PhotoRec, manhajar ceto fayiloli, don memorin da chkdsk bai iya komai a kansa ba. Azumi ya zo, aikin shago zai koma rabin yini, don haka da Exif zan fara, sauran sai bayan salla.